Akafela ba ta nufin "babu kiɗa", ko dai ba haka ta fara ba

Kwanan nan duk inda ka juya akafela ce, mai gabatarwa a rediyo zai ce ga waƙar akafela, a TikTok ma yaro ya cire kiɗa daga waƙa ya rubuta akafela a ƙasa. To ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake bayaninta kamar wai ma'anarta a Italiyanci "murya zalla". Ba haka ba ne. A cappella na nufin "irin yadda ake yi a ɗakin ibada", wato salon coci. Ita kanta kalmar cappella daga alkyabba ta samo asali, alkyabbar Waliyyi Martin na Tours wadda aka ce ya raba biyu ya ba wani almajiri rabi, sarakunan Faransawa suka adana ragowar a wani ɗaki, ɗakin ya ci sunan rigar.

Kuma cocin Italiya na wajen shekara ɗari huɗu da suka wuce ba shiru suke ba, akwai ogan, wato babban kayan kiɗan coci mai bututu, kusan ko'ina. Majami'ar Sistin ta Fafaroma a Rum ce ta yi suna da rera waƙa ba kayan kiɗa, sai a ƙarni na 19 da Turawa suka koma tono tsoffin waƙoƙin nan ma'anar "babu kiɗa" ta zauna daram.

Na gane haka ne da na shiga bin diddigin wani malamin coci mai tsara waƙoƙi, Lodovico Viadana, wanda ya rasu 1627, yau ba kowa ya san shi ba ko a cikin masu sauraron irin waƙoƙin. A 1602 ya buga tarin waƙoƙin ibada a birnin Benis na Italiya kuma har da kundi na musamman na mai buga ogan a ciki, kiɗan na cikin ginin waƙar ne, in ka cire shi ta rushe. Neman takardun mutane irinsa kuwa wahala ce ta gaske, domin a lokacin ba a cika buga waƙa a shafi ɗaya da duk muryoyi jere ba, kowace murya da ɗan littafinta, mai siririyar murya nasa daban mai kauri nasa daban. Shekara ɗari huɗu ta wuce, sai ka tarar littafi ɗaya yana birnin Bolonya na Italiya, wani yana Jamus, wani kuma ya ɓace gaba ɗaya. Shi ya sa ake dogaro da kundin RISM da aka kafa 1952 don sanin wane ɗakin karatu ke riƙe da me, da kuma kwafin hannu na Fortunato Santini, wani limamin coci ɗan Rum da ya ƙarar da rayuwarsa yana haɗa muryoyin wuri guda, tarinsa yanzu yana birnin Munster na Jamus.

To ka ga in littafin ogan ne ya ɓace, mai nema zai ga muryoyi huɗu kawai ya ce ai akafela ce, alhali takarda ce ta yi ƙafa.

Ban ce a daina faɗar kalmar ba, harshe ya riga ya karɓa. Amma dai in waƙar bege ce aka rera ba mandiri, "ba kiɗa" ta wadatar, kuma kowa ya gane har kakata.