Waiwaye: Yadda dokokin sufayen Zen suka ragu daga 250 zuwa 16

A yawancin gidajen ibadar Zen (wata ɗariƙa ta addinin Buddha) na Japan a yau, limami magidanci ne, da matarsa da 'ya'yansa, kuma galibi ɗansa ne ke gadon kujerar. Sufin Buddha na Tailan ko Siri Lanka ba zai ɗauke shi a matsayin ɗan'uwansa a sufanci ba, domin a wurinsu aure haramun ne ga sufi. Tushen wannan bambanci ya haura shekara dubu.

A ƙasar Sin, inda ɗariƙar ta tsiro, sufi namiji yana ɗaukar dokoki 250, mace kuwa 348. Su ne malamin nan ɗan Sin, Ganjin, ya kai birnin Nara na Japan a 754. Sai Saicho, wanda ya kafa ɗariƙar Tendai, ya nemi fada ta yarda almajiransa su wadatu da manyan dokoki 10 da ƙanana 48. Malaman Nara suka yi tsaye a kan ƙin amincewa, izinin bai fito ba sai 'yan kwanaki bayan mutuwarsa a 822.

A makarantar Tendai jagororin Zen na Japan suka fara karatu. Eisai, da ya dawo daga Sin a 1191, mai tsanani ne: a ganinsa babu Zen sai da kiyaye doka. Dogen kuwa, wanda ya dawo a 1227 ya kafa reshen Soto, dokoki 16 ya bar wa mabiyansa: neman mafaka ga Buddha da koyarwarsa da jama'arsa, sai uku na tsarki (barin mugunta, aikata alheri, amfanar da halittu), sai manya goma, ciki har da haramcin kisa, sata, alfasha, ƙarya da sayar da giya. Kada dai a ɗauka sassauci ne. Dogen ya tsara wa almajiransa har yadda za su wanke fuska da yadda za su shiga makewayi.

Bayansa ne abin ya sauya kama. Karɓar dokokin, wato jukai, ya zama biki da ake tara manoma a yi musu gaba ɗaya, a ba kowa takardar salsala mai jan layi da ya haɗa sunansa da na Buddha. Har mamaci ake yi wa: a aske masa kai, a ba shi dokoki da sabon suna kafin jana'iza, kuma ana yin haka har yau. A zamanin Edo (ƙarni na 17 zuwa na 19) malaman Soto suka ƙarfafa koyarwar cewa Zen da dokoki abu guda ne, wanda ya zauna zaman zuzzurfan tunani ya riga ya cika su. Maganar tana da zurfi, amma a ganina ita ce ta buɗe ƙofar da mai son zuciya zai ce shi ya wuce matakin halal da haram.

A 1872 gwamnatin Japan ta zamanin Sarki Meiji ta ba sufaye damar cin nama, yin aure da barin gashi. Shugabannin Soto sun ja da lamarin na wani lokaci, daga baya aure ya zama ruwan dare. Gwaji mafi muni ya zo lokacin yaƙe-yaƙen Japan a Asiya, inda manyan malaman Zen suka goyi bayan soja duk da dokar farko ta hana kisa. Sai a 1992 Soto ta nemi afuwa a hukumance, ɓangaren Myoshinji na Rinzai, ɗaya babban reshen na Zen, kuma a 2001.

Amurka ma ba ta tsira ba. A 1983 rikici ya ɓarke a cibiyar Zen ta San Francisco kan mu'amalar shugabanta Richard Baker da almajirai mata, har ya sauka daga muƙamin. Tun daga nan cibiyoyi da dama a can suka rubuta ƙa'idojin ɗa'a da hanyar kai ƙarar malami, suka kuma sa almajiri ya daɗe yana nazarin dokokin 16, ya ɗinka ɗan mayafin rakusu da hannunsa, kafin a yi masa jukai.