Sarki Henry na Takwas bai zama ɗan Furotesta ba

An daɗe ana cewa da Fafaroma ya ƙi raba auren Sarki Henry na Takwas da Catherine ta Aragon, sai sarkin ya yi fushi ya mayar da Ingila ƙasar Furotesta. Raba gari da Roma kam gaskiya ne: a 1534 majalisa ta yi dokar da ta naɗa shi shugaban cocin Ingila. Amma aƙidarsa ta Katolika tana nan daram.

Tun a 1521 ya rubuta littafi yana sukar Martin Luther, jagoran Furotesta, har Fafaroma Leo na Goma ya ba shi laƙabin mai kare addini. A 1539 kuma ya sa aka yi doka mai sassa shida, wadda ta hana limaman coci aure, ta tabbatar da furta zunubi gaban limami.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar 30 ga Yulin 1540 a Smithfield da ke Landan. An ƙone masu wa'azin Furotesta uku saboda bidi'a, an rataye 'yan Katolika uku saboda ƙin amincewa da shugabancin sarki a coci, duk a rana ɗaya. Ko fada ba ta tsira ba. A 1546 an azabtar da wata 'yar Furotesta mai suna Anne Askew don ta tona matan fada masu ra'ayinta, ta ƙi faɗin sunan kowa, aka ƙone ta.

Babban sauyin aƙida sai bayan rasuwar Henry a 1547, zamanin ɗansa Edward na Shida, lokacin da babban limamin coci Akbishop Thomas Cranmer ya fitar da littafin addu'o'i da Turanci a 1549.