Me ya sa tashoshin wutar lantarki suke da irin wannan siffa?

Wane ra'ayi ne ke bayan gininsu?

Ra'ayin shi ne aikin da gini zai yi, shi zai yanke masa siffa, ado ya biyo baya in da hali. Louis Sullivan, mai zanen gine-gine ɗan Amurka, ya yaɗa shi a 1896. A tashar kwal abin a fili yake. Kwal na dafa ruwa a cikin babbar tukunya, tururi ya juya inji, inji ya juya janareta. Shi ya sa ɗakin tukunya yake yin tsawo sama, zauren injuna kuma ya miƙe dogo, da na'urar ɗaga kaya a samansa saboda ranar gyara.

Manyan hasumiyoyin nan masu siririn ƙugu fa, ba ado ba ne?

Ko kusa. Ruwa suke sanyayawa, kuma farin abin da ke tashi daga bakinsu tururi ne, ba hayaƙi ba, ko da yake masu ɗaukar hoto sun sa mutane da yawa sun ɗauka hayaƙi ne. Injiniya Frederik van Iterson na ƙasar Holan ya fara gina irinsu a 1918 kusa da Heerlen. Lanƙwasar ce ke ba su ƙarfi da kankare kaɗan: hasumiyoyi takwas na tashar Ratcliffe a Ingila sun kai mita 114, amma kaurin bangonsu wajen santimita 18 ne. Iska mai ɗumi kuma da kanta take hawa, ba a buƙatar fanka. A ganina sun fi duk wani adon bulo kyau.

To tashar Battersea ta Landan mai bututun hayaƙi huɗu fa?

Ita kam an yi mata kwalliya. Mutanen birni sun yi ƙorafi da aka fara ta a 1929, sai aka kira mai zanen gine-gine Giles Gilbert Scott ya suturta ta da bulo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsada da gaggawa suka sa a hankali aka koma gina sababbin tashoshi da ƙarfe da kwano.

Ina makomarsu in an rufe su?

Battersea ta daina aiki a 1983, aka sake buɗe ta a 2022 da shaguna da ofisoshi. Tashar Bankside ta Landan, wadda Scott ɗin ya zana, ta zama gidan zane-zane na Tate Modern a 2000. Hasumiyoyin sanyaya ruwa kuwa yawanci nakiya ake sa musu, don da wuya a sama musu wani aikin.