Sauya makin makarantun ƙasashen waje zuwa ma'aunin Holan

Sauya maki aiki ne da jami'o'in ƙasar Holan ke yi domin su gane darajar sakamakon ɗalibin da ya yi karatu a wata ƙasa kafin su ba shi gurbi. Aikin hawa biyu ne. Da farko a tantance matakin takardar shaidar, sannan a dubi makin da ke cikinta. Masu neman gurbi sun fi damuwa da hawa na biyu, alhali na farko ne ya fi mayar da mutane gida.

Ma'aunin Holan

Ana ba da maki daga 1 zuwa 10. Shida shi ne mafi ƙarancin makin ci, kuma a jarrabawa da yawa 5.5 ya wadatar, domin ana cika shi zuwa 6. Bakwai ya zarce matsakaici, takwas kuwa maki ne mai kyau ƙwarai, wanda a jami'o'i da dama shi ne ƙofar kammalawa da yabo na musamman. Tara ba a cika ganinta ba, goma kuwa sai jifa-jifa. Yawancin waɗanda suka ci suna tsakanin 6 da 8 ne, kuma nan ne tushen kusan duk wani ruɗani.

Tarihi

Ana danganta yaɗuwar ma'aunin goma da makarantun sakandare na HBS da dokar minista Thorbecke ta kafa a 1863, an kuma fara aiki da shi a jarrabawar ƙarshe wajen 1870. A da ana ɗaukar 5 a matsayin ci da ƙyar, har zuwa 1930, lokacin da ministan ilimi Terpstra ya mayar da shi cikin makin faɗuwa. Dokar gyaran ilimi da ta fara aiki a 1968 ita ta kawo matakan sakandare na HAVO mai shekara 5 da VWO mai shekara 6. HAVO tana kai ɗalibi manyan makarantun koyon sana'a na HBO, VWO kuma tana kai shi jami'ar bincike.

Daga tsakiyar shekarun 1970 ana raba gurbin kwasa-kwasan da ke da cunkoso, irin su likitanci, ta hanyar ƙuri'a mai la'akari da maki: gwargwadon makinka, gwargwadon damarka. Daga baya aka ba masu matsakaicin 8 gurbi kai tsaye. A wancan zamanin rabin maki yana iya zama bambancin samu da rashi. An soke wannan ƙuri'a ta ƙasa a 2017, kowace jami'a ta koma yin zaɓinta.

Matakin takarda

Hukumar Nuffic, wadda aka kafa a 1952 a birnin Hague, ita ke bayyana yadda takardun ƙasashe suke a kan tsarin Holan. Abin da take bayarwa shawara ce, hukunci na jami'a ne. Takardar IB, wato shaidar kammala sakandare ta ƙasa da ƙasa, da bakaloriyar gama-gari ta Faransa ana daidaita su da VWO. Takardar WAEC mai kyakkyawan sakamako galibi ana ajiye ta a matakin HAVO, don haka ko ɗalibi ya jera A1 ba lallai ya shiga jami'ar bincike kai tsaye ba. Akan nemi ya ƙara shekarar share fage ko ya fara jami'a a gida. Wasu kwasa-kwasan kuma suna neman takamaiman darasi, musamman lissafi, a matakin VWO.

Hanyoyin lissafi

Babu jadawali guda da doka ta wajabta wa kowa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora makin ci na ƙasar a kan 6, mafi girman maki a kan 10, a raba tsakani daidai. A ma'aunin 20 da Faransa da Nijar ke amfani da shi, makin ci 10 ne, saboda haka 14 zai ba da 7.6. Wanda ya raba maki biyu kawai zai sami 7, kuma 10 ɗin da aka ci da shi zai koma 5, wato faɗuwa. Wannan kuskure ya yawaita.

Hanyar da ta fi adalci ita ce a kwatanta rabon maki, wato kashi nawa na ɗalibai ke samun kowane maki a can, da kuma makin da kashi irin wannan ke samu a Holan. Da wannan ne ake gane cewa A ta Amurka ta fi kusa da 8, ba 10 ba, domin masu samunta suna da yawa. Haka 70 cikin 100, wanda a jami'o'in Birtaniya da Najeriya shi ne farkon daraja mafi girma, bai kamata a rubuta shi 7 ba. Matsalar hanyar ita ce makarantu da yawa ba sa fitar da alƙaluman rabon makinsu.

Sai ma'aunan da ke tafiya a juye. A Jamus 1 ne mafi kyau, a WAEC kuma A1 ne sama, F9 ne faɗuwa.

Nema

Ana yin rajista ta Studielink, shafin intanet na neman gurbi a manyan makarantun Holan. Ranar ƙarshe ga kwasa-kwasai masu ƙayyadadden gurbi ita ce 15 ga Janairu. Ana buƙatar takardar shaida, jerin maki, da bayanin ma'aunin makarantar daga hukumarta, tare da fassarar tafinta mai rantsuwa idan takardun ba da harshen da jami'ar ke karɓa aka rubuta su ba. Ɗalibi ya tura makinsa yadda yake, ya bar wa ofishin ɗaukar ɗalibai sauyawar.

Saɓani

Wasu na ganin sauyawar tana tauye baƙi, wasu na ganin tana fifita ƙasashen da ke sakin maki.