Shirya ƙaramin jirgin sama don tseren dogon zango a Saudiyya

Tseren dogon zango gasa ce da ƙananan jirage masu farfela ke yi daga fili zuwa fili a kan hanyar da aka shata, da rana, matuƙi yana ganin ƙasa. Galibi ba wanda ya riga sauka ne ke cin gasar ba. Ana auna iyakar gudun kowane jirgi tun kafin ranar tashi, sannan a duba wanda ya fi zarce nasa ma'aunin. Haka ake yi a gasar mata ta Air Race Classic a Amurka, wadda aka fara a 1977. A Saudiyya, ƙananan jirage sun fi taruwa a filin Thumama kusa da Riyad, kuma GACA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, ce ke ba da lasisi.

Babban abokin gabar matuƙi a wannan ƙasa zafi ne. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka injin ba ya samun cikakken ƙarfi, farfela ba ta kama iska sosai, fiffike kuma ba ya ɗaga jirgi da wuri. Lissafin ba wuya: ma'aunin zafin iska da aka yarda da shi digiri 15 ne na Celsius a bakin teku, yana raguwa da digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, kuma duk digiri ɗaya da aka ɗara wannan ma'auni tamkar an ƙara wa fili tudun ƙafa 120 ne. Riyad tana kan tudun kusan ƙafa 2,000. Ranar da zafi ya kai digiri 45, jirgi zai ji kamar daga ƙafa 6,000 yake tashi. Abha kuwa filinta ya haura ƙafa 6,800 tun kafin a saka zafi cikin lissafi, ga duwatsun Sarawat kewaye. Shi ya sa ake tashi bayan asuba, a duba tsawon titin da ake buƙata a littafin jirgin, a kuma rage yawan man da ke gauraya da iska kafin a saki birki. Wanda ya bar shi a cike, injinsa zai shaƙe da mai, jirgin ya ci titi bai ɗaga ba.

Nauyi da mai tare ake lissafa su. Cessna 172S, wani samfurin ƙaramin jirgi, tana da galan 53 na mai da ake iya amfani da shi, kimanin kilo 144, tana shan galan 8 zuwa 10 a awa, ta fi haka idan an buɗe mata wuta. Iyakar nauyinta wajen tashi kilo 1,157 ne, saboda haka idan an cika tanki abin da ya rage wa mutane da kaya kimanin kilo 250 ne. Ba kowane fili ke sayar da 100LL, man da irin waɗannan jirage ke sha, ba; a buga waya a tabbatar, kada a dogara da takarda. A tsiyayo ɗan mai daga ƙasan kowane tanki: shuɗi ake so, ba ruwa, ba yashi. A hamada, barin man awa guda a ajiye ya fi dacewa da hankali.

Ƙura ma tana da nata. Bahaushen Jidda ko Makka da ya san hazon hunturun Kano zai gane ta, sai dai iskar shamal, mai kaɗowa daga arewa maso yamma, tana iya rufe ido cikin ɗan lokaci. A sa sabuwar matatar iska, a toshe kafofin injin duk inda aka kwana. A jirgin da ke da kafireto, kada a buɗe masa iska mai ɗumi a ƙasa, domin ba ta bi ta matata.

A sama, iska ce ke raba gardama. Zangon mil 300 na teku awa biyu da rabi ne a gudun mil 120 na teku a awa. Iskar gaba mai gudun 20 za ta mai da shi awa uku. Ana hawa sama idan iska tana turawa, a yi ƙasa idan tana tarewa, amma ido na kan zafin man injin, kada ya kusanci jan layi.

Kafin tashi a karanta sanarwar da ake fitar wa matuƙa, wato NOTAM, saboda wuraren da aka hana shawagi, a miƙa tsarin tafiya, a gwada na'urar neman agaji mai 406 MHz. A ɗauki ruwan sha mai yawa, da madubin ishara, da abin yin inuwa. Idan saukar dole ta kama a sahara, a zauna kusa da jirgin, domin shi masu ceto ke hangowa daga sama.