Fasa ƙwayoyin bakteriya da lantarki a na'urorin maikurofuluwidik

Fasa bakteriya da lantarki hanya ce ta huda fatar da ta lulluɓe ƙwayar bakteriya domin abin da ke cikinta, musamman DNA da furotin, ya fito a yi gwaji a kansa. Ana yin aikin a cikin na'urorin maikurofuluwidik, wato 'yan faranti na gilashi ko na robar PDMS masu ɗauke da magudanan ruwa sirara kamar gashin kai.

Asalin dabarar ya girmi na'urorin. Tun a 1967 Sale da Hamilton suka nuna cewa bugun lantarki mai ƙarfi na kashe bakteriya. Idan ƙwaya ta shiga filin lantarki, wato wurin da ƙarfin lantarki ke aiki, caji kan taru a ɓangarori biyu na fatarta. Da bambancin ya kai kusan bolt 1, sai ƙananan ramuka su buɗe. Bugu mai sauƙi ramukan kan rufe da kansu, mai tsanani kuwa ƙwayar ba ta farfaɗowa.

Wahalar bakteriya ƙanƙantarta ce. Bambancin cajin yana tafiya ne da girman ƙwaya, ita kuwa bakteriyar E. coli faɗinta bai wuce kusan maikromita 1 ba (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), don haka gajeren bugu yakan buƙaci wajen bolt 10,000 a kowace santimita. A babban mazubi wannan sai da na'ura mai haɗari. A nan ne ƙaramar na'ura ta yi zarra: in tazarar da ke tsakanin ilektirod biyu, wato 'yan ƙarafan da lantarkin ke bi ta cikinsu, maikromita 10 ce, bolt 10 kacal ya wadatar. Lee da Tai na jami'ar Caltech ta Amurka sun ƙera irin wannan a 1999, da ilektirod masu haƙora kamar zarto, saboda filin ya fi taruwa a tsini. Wasu kuma matse magudanar suke yi a wuri guda, filin ya ƙaru daidai inda ƙwayoyin ke wucewa.

Babban amfanin wannan hanya, ba a zuba sinadaran wanki da ake fasa ƙwayoyi da su, waɗanda kan hana gwajin PCR (gwajin da ke ninka DNA don a gano shi) aiki. Sai dai ruwa mai gishiri yakan yi zafi, lantarkin kuma na raba ruwa ya haifar da kumfar gas da ke toshe magudana, shi ya sa ake yawan amfani da lantarki mai sauya alkibla. Bakteriya masu kaurin bango a bayan fatarsu, irin su Staphylococcus, ko an huda fatarsu bangon kan riƙe DNA, sai an haɗa da sinadarin da ke narkar da bangon.