Uni-don

Uni-don abinci ne na ƙasar Japan: dafaffiyar shinkafa a cikin kwano mai zurfi, a lulluɓe samanta da ɗanyen uni, wato ɓangaren da ake ci a jikin bushiyar teku. Yana cikin dangin abincin da ake kira donburi, waɗanda duk shinkafa ce da mahaɗi a kwano ɗaya, sai dai da wuya a samu wanda ya kai shi tsada a cikinsu. An fi saninsa da tsibirin Hokkaido da ke arewacin ƙasar, inda akwai gidajen abincin da ba su da wata sana'a sai shi.

Bushiyar teku

Halitta ce mai zagayayyen ɓawo da ƙayoyi, tana zaune a kan duwatsun ƙarƙashin ruwa tana cin ciyawar teku. In an fasa ɓawon za a tarar da tsoka guda biyar manne da bangonsa, masu laushi ƙwarai. Mutane da yawa na ɗaukarsu ƙwai, alhali gaɓoɓin haihuwa ne, kuma ana cin na mace da na namiji. Abin da ke cikin bushiya ɗaya bai taka kara ya karya ba, shi ya sa sai an fasa da dama kafin a rufe fuskar kwano guda.

Iri biyu suka fi suna a Hokkaido. Akwai ezo-bafun mai gajerun ƙayoyi, tsokarsa ruwan goro, zaƙinsa da ƙarfi, kuma shi ya fi tsada. Akwai kita-murasaki mai dogayen ƙayoyi masu duhu, tsokarsa ruwan ɗorawa, ɗanɗanonsa bai kai na farko nauyi ba. Abin da bushiya ta ci shi ke fitowa a baki, don haka waɗanda suka girma a kan ciyawar kombu ta tsibiran Rishiri da Rebun suke da daraja ta musamman a kasuwa.

Tarihi

Cin uni ya daɗe a Japan. An tono ɓawonsa a jujin mutanen zamanin Jomon, dubban shekaru da suka wuce, kuma rubuce-rubucen hukuma na wajen ƙarni na 8 zuwa na 10 sun ambace shi cikin kayan da yankunan bakin teku ke aikawa fada. Amma wanda ya isa fada a wancan lokaci ba ɗanye ba ne. Da zarar an fitar da uni daga ɓawonsa yakan fara narkewa, saboda haka kusan duk tarihinsa tarihin neman dabarar adana shi ne.

Dabarar da ta fi yin fice ita ce gishiri. A zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, yankin Echizen, wanda yanzu yake jihar Fukui, ya shahara da uni mai gishiri da ake tsane ruwansa har ya yi kauri ya daɗe bai lalace ba. Shagon Tentatsu da aka kafa a Fukui a 1804, wanda ke yi wa gidan sarautar Matsudaira hidima, shi ake dangantawa da kyautata wannan hanya. Uni na Echizen ya shiga jerin abinci uku da Japanawa ke kira mafiya daraja, tare da busasshen ƙwan kifi na karasumi daga Nagasaki da konowata, wanda ake yi da hanjin wata halittar teku. Ba a cika kwano da shi, ɗan kaɗan ake lasa.

A zamanin Meiji, bayan 1868, sai aka samu wata hanyar a yankin Shimonoseki, ta jiƙa shi da barasa a zuba a kwalba. Ana ba da labarin cewa abin ya faro ne a tsibirin Mutsure, lokacin da giyar wani baƙo ɗan Ingila ta zube a kan uni bisa kuskure, ko da yake labarin na baka ne.

Ɗanyen uni bai samu shiga manyan birane sosai ba sai a ƙarni na 20. Ana danganta wa gidan sushi (shinkafa mai tsami da ake ci da kifi) na Kyubey da ke unguwar Ginza a Tokyo ƙirƙiro gunkan-maki a wajen 1941: a naɗe dunƙulen shinkafa da busasshiyar ciyawar nori, ta zama katanga mai riƙe uni kada ya zube. Yaɗuwar firji da saurin sufuri bayan Yaƙin Duniya na Biyu su suka ƙarasa aikin. Shi kuwa uni-don, an fi cewa daga abincin masuntan Hokkaido ya fito, wasu na ambaton tsibirin Rebun.

Kamu da gyara

Har yanzu da hannu ake kamun a wurare da dama. Da sassafe masunci zai fita shi kaɗai a ƙaramin kwalekwale, ya kifa a gefe yana leƙen ƙasan ruwa ta wani akwati mai gilashi da yakan riƙe da haƙora, hannuwansa na kan doguwar gora mai 'yar koma a baki. Ƙungiyoyin masunta ne ke ƙayyade ranar fita da tsawon lokacin kamu da girman da aka yarda a ɗauka, domin bushiya na shekara uku zuwa huɗu kafin ta isa kamu. A Hokkaido, a zirin Shakotan ana kamu daga Yuni zuwa Agusta, a Rausu kuwa daga tsakiyar hunturu zuwa wajen Yuni. Ranar da teku ya yi fushi ba a fita, kuma gidajen abincin da ke dogara da kamun ranar sukan sanar cewa yau babu.

A bakin gaɓa ake fasa ɓawon, a kwaso tsokar da ƙaramin cokali, a wanke da ruwan gishiri mai sanyi, a tsince baƙaƙen ragowar hanji da matsefata ɗaya bayan ɗaya. Wanda za a kai nesa akan tsoma shi a ruwan alif, irin wanda ake tace ruwan sha da shi, don ya riƙe siffarsa, sannan a jera a akwatunan katako masu zuwa gwanjo a kasuwar Toyosu ta Tokyo, wadda ta gaji Tsukiji a 2018. In alif ya yi yawa yakan bar ɗaci, kuma da yawan masu cewa ba sa son uni irin wannan suka fara ɗanɗanawa. Gidajen da suka ƙware sukan yi alfahari da wanda aka ajiye a ruwan gishiri zalla, duk da ba ya wuce 'yan kwanaki. A jihar Iwate a kwalaben madara ake sayar da irinsa.

Yadda ake ci

Ana kawo kwanon tare da romon waken soya, da yajin wasabi, da miyar miso a gefe. Mai ci yakan dama wasabi a romon ya ɗiga kaɗan, don yawansa na danne zaƙin. Wasu gidajen na raba fuskar kwanon biyu, ezo-bafun a gefe ɗaya, kita-murasaki a ɗayan, domin a kwatanta. An saɓa a kan ko farar shinkafa mai ɗumi ta fi dacewa ko wadda aka sa wa ruwan tsami. Kwano ɗaya yakan ci dubban yen, kuɗin Japan, na ezo-bafun zalla yana iya haura dubu 10. Kasuwar safe ta Hakodate da Sankaku ta Otaru da Nijo ta Sapporo na cikin wuraren da baƙi suka fi zuwa.

Halin da ake ciki

Japan ce ke cinye mafi yawan uni na duniya, kuma tana shigo da kaso mai yawa daga Rasha da Chile da Amurka da Kanada. A kakar 2021 wasu ƙananan halittun ruwa masu guba sun mamaye gaɓar gabashin Hokkaido suka hallaka bushiyoyi masu ɗimbin yawa, asarar ta kai biliyoyin yen. Akwai kuma matsalar da ake kira isoyake, inda ciyawar teku ke ƙarewa a bar duwatsu tsirara cike da bushiyoyin da cikinsu wayam. A jihar Kanagawa masu bincike sun gwada kwaso irin waɗannan su yi kiwonsu da kabejin da manoma ba su iya sayarwa ba, kuma tsokarsu ta ciko har aka fara kai su kasuwa.